Gurbin da Baba Akawu Ya Ɓoye

Duk asibitin babu mai kiran sa da sunansa. Baba Akawu ake ce masa, har Darakta. Ni kuwa Injiniya yake ce mini, kuma ba don girmamawa ba. In zai faɗa sai ya ja ƙarshen kalmar yana leƙo ni ta saman gilashinsa, ni kuma raina ya yi ta ɓaci a banza. Wata tara muka yi a ofis ɗaya, wani ɗan ɗaki mai taga guda a bayan mutuware, inda injin sanyaya gawa ke gurnani ta jikin bango tun safe har a tashi. An ɗauko ni ne in gyara manhajar rajistar gawarwaki. Shi kuma shi ne mai rajistar tun ban san hannun damana ba.

Da turin keken gawa ya fara, yana ɗan shekara goma sha tara. Daga nan ya koma wankan gawa da shiri, ya yi shekara takwas hannunsa a cikin ruwa. Wata rana akawun wurin ya kwanta ciwo, aka rasa mai rubutu mai kyau, aka ce ya riƙe littafin na mako biyu. Bai sake sakin sa ba. Da aka kawo keken rubutu ya koya da yatsa biyu. Da aka kawo kwamfuta, sauran tsofaffin suka ja da baya, shi ya jawo kujera. Babu makarantar da ya shiga. Littafin da 'yan kwangila suka manta a kan tebur ya ɗauka, ya bi shi shafi shafi har ya iya yi wa rumbun bayanai magana kai tsaye, ba sai ta fuskar manhaja ba. Da yatsa biyun nan yake yi har yau, yana dukan kibod kamar ya yi masa laifi.

Matarsa ɗaya, 'ya'ya mata huɗu, duk sun yi aure. Bai da aboki a asibitin, don mutane ba sa son cin abinci kusa da wanda ya wanke gawa, shi kuma bai taɓa roƙon kowa ba. Da rana sai ya buɗe kwanonsa a kan gwiwa, ya juya wa allo baya, ya ci shiru. In na ce, “Baba, ba tayi?” sai ya ce, “Injiniyoyi ai iska suke ci.”

Akwai gawarwakin da babu mai zuwa nema. Wanda mota ta buge a babban titi, wanda aka tsamo a ruwa, wanda ya faɗi a tasha babu takarda a jikinsa. Doka ta ce a ajiye su kwana talatin, in ba a zo ba hukuma ta binne su a filinta da ke bayan gari, kowa da lamba a kan ɗan ƙarfe. Fom ɗin rajistarsu gurbi shida ne kacal: lambar gawa, ranar da aka kawo, namiji ko mace, kimanin shekaru, inda aka same shi, lambar kabari. Shi ke nan mutum ya ƙare.

Sai in ɗan yi bayanin aikina, don a gane ɓarnar da na yi. Rumbun bayanai kamar kabad ne mai aljihuna. Ita kuma manhaja tana da nata jerin, inda aka rubuta mata aljihunan da ke kabad ɗin da sunan kowanne. In jerin da kabad suka saɓa, manhaja ta rikice, allo ya yi ja, ma'aikata su yi ta kiran wayata kamar ni na kashe musu wuta. To akwai wani ɗan aiki da ke cikin kayan sana'armu, mu kan ce masa mai daidaitawa. Shi ne zai duba jerin, ya duba kabad, ya rubuto takardar umarni: a ƙara wannan aljihun, a faɗaɗa wancan, a cire wanda ba ya cikin jeri. Jerin yake bi, ba ya tambayar abin da ke cikin aljihu.

Duk lokacin da muka yi gyara, Baba Akawu ba ya yarda in tura takardar umarnin nan sai ya karanta. Zai matso da kujerarsa, ya bi layi layi da yatsa, ya iso wani layi guda, ya goge shi, sannan ya ce in tura. Kullum layin ɗaya ne: a cire gurbin da ake kira ƙari2 daga jadawalin gawarwaki. Gurbi na bakwai ke nan, wanda manhajar ba ta san da zamansa ba.

Rannan na gaji, na ce, “Baba, don Allah mene ne wannan ƙari biyun? Babu inda manhaja ke taɓa shi. Shi ne ke jawo mana saɓani kullum.”

Ya ce, “Nawa ne. Ki bar shi.”

“To mu saka shi a jeri mana, a huta!”

“In kin saka shi a jeri zai fito a allo. In ya fito a allo Darakta zai gani.”

Na jira ya ƙara bayani, bai ƙara ba. Ni kuma girman kai ya hana ni sake tambaya. Na ɗauka tarkacen tsofaffi ne, irin su lissafin ranakun hutu ko lambobin waya. Layi ɗaya zan rubuta in ga abin da ke ciki, minti ɗaya bai cika ba. Wallahi ban rubuta ba. Haushinsa nake ji, kuma na ƙudurta cewa ba zan nuna masa abinsa ya dame ni ba.

Ranar wata Talata da hantsi, yana cikin magana da direban motar gawa, kofin shayi ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya tafi gaba ɗaya. Shanyewar ɓarin jiki ce, gefen dama. Aka haura da shi bene na uku a kan irin keken da ya fara turawa.

Kwana biyu bayan haka wata mata ta ƙwanƙwasa ƙofar ofis. Za ta yi shekara hamsin da wani abu, siririya, da tef ɗin awo a wuya, ta manta ba ta cire ba. Mai ɗinki ce, daga wani gari mai nisan awa biyar a mota. Ɗanta take nema. Magini ne, ya zo birnin nan aiki shekara uku da suka wuce, wayarsa ta daina shiga a watan huɗu, shi ke nan. Ta je wurin 'yan sanda, ta je gidajen yari biyu, ta bi wuraren gini tana nuna hoto. A ƙarshe wani mai gadi ya ce mata ta zo nan ta nemi tsoho mai gilashi, shi ke gano mutane.

Ta ce, “'Yata, ni ba rai nake nema ba, na haƙura da wannan. Wurin da yake kwance kawai nake so in sani.”

Ta ce ɗan yatsansa na hagu gutsure ne, bulo ya faɗa masa. Ta ce duk rigar da yake sawa ita ta ɗinka, kuma takan yi masa aljihu ta ciki, a ɓangaren ƙirji, da koren zare, don ya riƙa ɓoye waya a mota. Na bincika da abin da allo ya ba ni: namiji, shekara ashirin da biyar zuwa talatin da biyar, watan huɗu zuwa na shida na waccan shekarar. Mutum goma sha ɗaya suka fito. Babu yatsa a fom, babu zare.

Na ce, “Mama, Baba ba shi da lafiya. Ki bar lambarki, in ya dawo zan kira ki.” Ta rubuta a bayan wata takardar awo, ta yi godiya har da rusunawa, ta tafi.

A makon da ya biyo baya Darakta ya kira ni. Sabuwar manhajar da na yi wata tara ina gini, so yake ta hau kafin masu duba aiki su zo. Ya ce, “Kuma wannan jan allon na gaji da shi. Ba za a iya sa abin ya riƙa gyara kansa ba?” Na ce za a iya, ranka ya daɗe. Har da murmushina. Dama abin da nake so ke nan tun farko, Baba ne ya tare hanya.

Na saita mai daidaitawa ya riƙa aiki da kansa duk lokacin da manhaja ta tashi, ba sai wani ya karanta takardar umarni ba. Kada in yi ƙarya, na tuna da ƙari biyu. Na tuna sarai. Na ce a raina, ai akwai kwafin ajiya da ake ɗauka kullum, in tsohon ya dawo ya yi ƙorafi sai in ciro masa abinsa. Na danna. Daƙiƙa huɗu ya ɗauka. Allo ya yi kore, jeri da kabad suka yi daidai a karon farko cikin shekaru, ni kuma na fita na sayo wa kaina lemo mai sanyi.

Kwafin ajiyarmu na kwana talatin ne. In na yau ya shiga, na kwana talatin da ɗaya ya fita. Na san haka, ni na rubuta shi a takardar aiki da hannuna. Amma masu duba aiki suka zo, injin buga takarda ya lalace, aka ƙara mini rajistar ɗakin haihuwa. Babu allon da ya yi ja, babu wanda ya kira ni a kan gurbin da babu wanda ya san da shi. Baba Akawu ya yi mako bakwai bai dawo ba.

A mako na shida na je gaishe shi a gida. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, an shimfiɗa masa katifa a ƙasa kusa da ƙofa don ya sha iska. Bakinsa ya karkace, magana na fita da ƙyar. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta kawo mini ruwa ta zauna tana matsa masa hannu. Ita ce ta buɗe zancen, tana tsokanarsa.

“Kin ga wannan? Ko a gadon asibiti mutanensa yake tambaya. Ni da na haifa masa huɗu bai tambaye ni ba.”

Na ce, “Waɗanne mutane, Inna?”

“Marasa suna mana. Ai shekara goma sha huɗu ke nan. Duk wanda aka kawo babu mai shi, sai ya shiga da kansa ya duba shi tun daga kai har ƙafa, ya zo ya rubuta. Tabo ne, haƙori ne, zobe ne, kalar wando. Ya roƙi Daraktan wancan lokacin a ƙara a fom, aka ce fom daga sama yake zuwa, kuma in aka rubuta kuskure za a kai asibiti kotu. Har takardar gargaɗi aka ba shi. Shi ne ya yi wa abinsa ɗaki a cikin kwamfuta.” Ta juya gare shi. “Mutum nawa ka mayar wa danginsu, Malam?”

Ya ɗaga hannun hagu, ya nuna biyu, ya dunƙule, ya sake dunƙulewa. Ɗari biyu. Ya motsa baki, da ƙyar na ji ya ce, “Da shida.”

Na ajiye kofin ruwan. Na ƙirga kwanakin a kaina tun daga ranar da na danna, na sake ƙirgawa. Talatin da huɗu. Na yi musu sallama ban san me na ce ba, na hau mota na koma ofis. Na buɗe kwafin ajiya mafi tsufa, gurbi shida. Na kira kamfanin da ke kula da sabar, wato babbar kwamfutar da rumbun ke ciki, suka ce abin da ya fita ya fita. Na kwance tsohuwar kwamfutarsa na bi ta lungu lungu. Na zazzage kabad ɗin ƙarfe na ofishinmu ko yana da littafi. Babu. Mutumin da aka ba takardar gargaɗi ba zai ajiye shaida a takarda ba. Gawa dubu ɗaya da ɗari tara da wani abu, duk abin da idonsa ya gani a jikinsu, na share shi ina shan lemo.

Ranar da ya dawo, da sanda, Inna na riƙe da gwiwar hannunsa, ban bari ya zauna ba na faɗa masa. Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗaga sandar nan. Bai yi ba. Ya zauna, ya jawo kibod da hannun hagu, ya rubuta umarninsa da yatsa ɗaya, harafi harafi. Rumbu ya amsa masa cewa babu gurbi mai wannan suna. Ya sake rubutawa, ko ya yi kuskure. Amsa ɗaya. Ya cire gilashi ya ajiye a kan tebur.

Can ya ce, “Da na gaya miki.”

Na ce, “Da na tambaya, Baba.”

Ranar ban je wurin Darakta neman izini ba. Na buɗe jerin manhajar na saka gurbi na bakwai da sunansa a fili, alamomin jiki da tufafi, na bar mai daidaitawa ya gina shi a rumbu. Na kuma kashe masa ikon cire komai sai mutum ya karanta ya sa hannu. Darakta ya gani bayan kwana uku, ya ɗaga kafaɗa ya ce ba laifi, ai abu ne mai kyau. Ba laifi! Shekara goma sha huɗu tsoho na ɓoyon abin da wannan Daraktan ko a jikinsa. Na fito daga ofishinsa ina jin kamar in fasa ƙofar.

Muka fara cikewa daga ƙwaƙwalwarsa. Ni ina karanto lamba da rana da wuri, shi yana rufe ido. Wani lokaci ya ce, “Tsohuwa, ɗan kunne ɗaya.” Wani lokaci ya yi minti goma ya girgiza kai. Ciwon ya tafi da abubuwa da yawa. In bai tabbata ba, ba ya bari in rubuta, ko da na ce mu sa alamar shakka. A mako biyu mun cike talatin da ɗaya.

Takardar awon nan tana cikin aljihun teburina, kullum ina ganinta ina rufewa. Ban kira ba. Ita ta gaji da jira ta zo da kanta, wata Alhamis da azahar, da ƙurar hanya a ƙafafunta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta maimaita masa komai: ɗan yatsa, aljihun ciki, koren zare.

Ya ɗago kai da sauri. Ya ce, “Koren zare. Na gani.”

Matar ta dafe ƙirji. Ya ce ya tuna, don ya juya rigar yana mamakin kyawun ɗinkin, ya tuna har da wayar da ta fashe a ciki. Na juyo masa allo, sunaye babu, lambobi goma sha ɗaya a jere. Ya bi su da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Ya koma sama. Goshinsa ya jiƙe da gumi. Ina zaune kusa da shi, ina jin numfashinsa. Matar ba ta kallon allon, bakinsa take kallo.

Ta ce, “Malam, ko ba a samu ba ne? In ba a samu ba ka faɗa mini, zan iya ɗauka.” Amma muryarta ta nuna ba za ta iya ba.

Ya ɗora yatsa a kan layi na bakwai. Ya ce, “Wannan ne, baiwar Allah. Kabari na ɗari huɗu da goma sha takwas.”

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da gyalenta, kafaɗunta na rawa. Da ta natsu ta sa na rubuta mata lambar har sau biyu, a takarda biyu. Ta yi masa addu'a, ta yi wa iyayensa, ta juyo ta yi mini, ni da ya kamata ta tofa wa yawu. Direban motar gawa ya ce zai bi ta filin, zai sauke ta. Muka ji tashin motar.

Na ji wani sauƙi ya sauko mini. Na buɗe layi na bakwai, na shiga sabon gurbin, na fara rubuta ɗan yatsan hagu. Sai na ji hannunsa a kan nawa, mai sanyi, mai nauyi.

Ya ce, “Goge.”

“Baba, ai ka ce shi ne.”

“Na ga zaren. Ban san a jikin wa na gan shi ba.” Ya janye hannunsa. “Yana cikin sha ɗayan nan. Ita ba za ta iya zuwa wurin sha ɗaya ba. Amma a nan ba a rubuta abin da ba a sani ba.”

Na goge. Gurbin ya koma fanko kamar na sauran goman.

Bai ƙara wata biyu a aiki ba, likita ya ce ya huta, ya huta. Yanzu ni ke shiga ɗakin sanyi in an kawo wanda babu mai shi, ni da a da nake toshe hanci in zan wuce ƙofar. Mai ɗinkin kuwa duk bayan wata uku takan zo. Ta je filin tukuna, ta share ciyawar da ke kan ɗari huɗu da goma sha takwas, sannan ta biyo ta ofis ta gaishe ni, ta tambayi jikin Malam. Zuwanta na ƙarshe ta ce tana so ta sa a yi ɗan allo mai sunansa a kafa a wurin, ko akwai takardar da za ta cike. Akwai. Na ciro mata, na ba ta biro, na nuna mata inda za ta sa hannu. A ƙasan takardar akwai wurin da ma'aikacin rajista zai tabbatar cewa gawar ta mai wannan suna ce, na ce mata ta bar min, zan sa hannu in aiko mata. Yau kwana goma sha biyu ke nan takardar na kan teburina.